Fayil Mai Barci a Pretoria

Shekara ashirin da biyar Kerneels Badenhorst ya yi yana riƙe da ɗakin fayil na ofishin da ke karɓar wasiƙun ƙetare a Pretoria, kuma sau ashirin da biyar ya ɗaure ofishin nan cikin adakoki ya kai shi Cape Town. Kowace Janairu, idan majalisa za ta buɗe, sai gwamnati ta tattara ta bi ta can bakin teku, ta yi wata biyar ko shida, sa'an nan ta komo gida. Ministoci da manyan sakatarori su kan riga kowa tafiya. Akawuna da matansu da 'ya'yansu, da kyanwoyi a kwando da tsuntsaye a keji, su ke bin jirgin ƙasa na musamman da a kan ware, takardu kuwa suna tarago na ƙarshe.

Ba kowace takarda ke tafiya ba, domin da za a kwashe ɗakin duka, da jirgi biyu ba zai isa ba. Kerneels ya raba fayil ɗinsa gida biyu. Akwai masu ido biyu, wato waɗanda wani ke jiran amsarsu daga ofishin, su a kan zuba a adaka. Akwai kuma masu barci, waɗanda ofishin ne ke jiran wani a kansu, su a kan bari a ɗaki mai ƙofar ƙarfe, a kulle, mabuɗi ya shiga aljihun Kerneels har watan Yuni. Shi ya kafa wannan ƙa'ida tun kansa yana baƙi, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Fayil ɗin rediyo yana cikin masu barci. Tun bara London ta rubuto wa ƙasashen da ke ƙarƙashin sarautar Ingila amma suke mulkin kansu, Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu da sauransu, cewa za a yi taro a Turai a raba zangon watsa shirye-shirye tsakanin ƙasashe, a ƙulla yarjejeniya, don kada tashar wani ta hau kan ta wani. Aka nemi kowace ƙasa ta aiko da jerin zangon da take so, da taswirar tashoshinta, da sunan wakilinta, duka a ƙarƙashin hatiminta. Injiniyoyin gidan waya sun gama jeri da taswira tun watan Satumba. Sa hannu kaɗai ya rage. Amma Mista Kritzinger, babban sakataren ofishin, shi ma yana da tasa ƙa'idar: ba ya zama na farkon amsa wa London. A ganinsa, wanda ya riga kowa amsawa shi a kan mayar ɗan aike. Sai ya rubuta a bangon fayil da jan alƙalami, "A jira Kanada." Fayil ya kwanta.

Da a ce fayil ɗin na wata magana ce dabam, da Kerneels bai damu ba, domin ya ga waɗanda suka shekara bakwai suna barci ba wanda ya tambaye su. Amma idanun matarsa Lettie sun dushe shekara uku da suka wuce. Ta bar karatu, ta bar saƙa, akwatin rediyon da ke kusa da tagar falo ya maye mata gurbin su duka biyun. Ran Lahadi da ran Laraba, da ƙarfe bakwai na yamma, tashar gida kan sako mawaƙan coci, Lettie ta zauna a kujerarta ta harɗe hannuwa tana binsu a hankali. Ana nan sai wata tashar 'yan kasuwa ta wata ƙasa da ke gabas da su ta zo ta tsuguna dab da zangon tashar gida. Tun daga nan ba a ƙara jin waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe a gidan Badenhorst ba.

Ran Lahadin da za su tashi kashegari, an gama ɗaure kaya, suna zaune a falo, mawaƙa sun kai baiti na biyu, sai wani fito mai tsini ya taso, bayansa kiɗan rawa, bayansa muryar wani mutum mai fara'a yana yabon sabulu.

"Ga mai sabulun nan ya iso," in ji Lettie. "Bai taɓa makara ba, bawan Allah."

Kerneels ya miƙa hannu. "Bari in ɗan murɗa."

"Kar ka taɓa, tsoho. Ka murɗa hagu ka rasa masu waƙa, ka murɗa dama ka samu sabulu da ganga. Na fi ka sanin halin akwatin nan." Ta juyo da fuskarta wajen da muryarsa take. "Fayil ɗina fa? Ya shiga adaka?"

Tun ranar da ya karanta mata labarin taron a jarida take kiransa fayil ɗinta.

"Barci yake yi, Lettie."

"Wa ya kwantar da shi?"

"Kanada muke jira."

"Mutanen Kanada suna jin mai sabulun nan?"

"Ba na tsammani. Akwai nisa."

"To me za su gaya muku?"

 Ran Jumma'ar da ta wuce Kerneels ya ɗauki fayil ɗin nan ya riƙe shi a hannu ya daɗe yana dubansa, ya san sarai irin wannan taro sau ɗaya a ke yinsa a shekara biyar, wanda bai kai takardarsa ba kuma sai ya haƙura da abin da aka bar masa. Amma taron sai watan Afrilu, jan alƙalami kuma ya ce a jira. Ya mayar da shi kan kanta cikin 'yan'uwansa masu barci, ya kulle ƙofa.

Jirginsu ya tashi ran Litinin da la'asar. Kerneels ya ƙirga adakoki ɗari da arba'in da kansa, ya ga an rufe taragonsu, sa'an nan ya koma wurin Lettie. Ɗakinsu ɗaya da Magriet Naudé, babbar mai buga tafireta ta ofishin, mace mai shekara arba'in da ɗoriya wadda ba ta yi aure ba kuma ba ta tsoron kowa. Suka ci busasshen burodi suna tsomawa a gahawa, Magriet tana ba Lettie labarin wanda ya shiga jirgi da aku, da wadda ta manta ɗanta a dandamali sai da aka miƙo mata shi ta taga.

Akwai wani abu da Kerneels kan yi kowace shekara a hanya, wanda ba ya cikin kowane littafin doka. Akawunan London sun saba rubuta Pretoria a kan jakar wasiƙu, kuma kowace Janairu sai sun yi mako ɗaya ko biyu kafin su tuna gwamnati ta ƙaura. Jirgin ruwan wasiƙu kan iso Cape Town ran Litinin, a jefa jakar a jirgin ƙasa ta nufi arewa, alhali masu ita suna gangarowa kudu. Jiragen biyu kan haɗu ran Talata da hantsi a tashar De Aar, tsakiyar fili mai duwatsu da tumaki, inda injuna ke shan ruwa na minti ashirin da biyar. A nan Kerneels kan tsallaka dandamali ya karɓi jakarsa ya sa hannu a littafi.

Mai tsaron taragon wasiƙu Archie Duthie ne, wani jan mutum mai ƙaton gashin baki. Suna samari sun yi yaƙi, Kerneels a ɓangaren Bowa, wato Turawa manoman ƙasar, Duthie a ɓangaren Ingila, kuma da suka zauna suka lissafa daga baya, sai suka gane rana ɗaya suka yini suna harbin juna a gindin dutse ɗaya.

"Kai, tsohon ɗan tawaye!" Duthie ya ƙwala tun daga ƙofar tarago. "Har yanzu ba su sallame ka ba?"

"Suna so su fara da wanda ya yini yana harbina bai ko taɓa hulata ba."

"Tausayinka na ji. Ka ga yadda kake a rame a lokacin? Ina uwargida?"

"Tana gaishe ka. Ta ce ga naka." Ya miƙa masa kwalbar ɓaure dafaffe da sukari, Duthie kuma ya ciro kwandon inabi daga ƙarƙashin tebur. Haka suke yi kowace shekara.

Kerneels ya buɗe jaka a kan wani akwati, kamar yadda ya saba, don ya ware abin gaggawa. Ambulan na huɗu da ya ɗauko yana ɗauke da lambar fayil ɗin rediyo. Shafi uku ne. Ya san rubutun mutanen London: shafin farko gaisuwa ce da tunatarwa, na biyu bayani, abin da ya kawo su kuwa sai a na ƙarshe, a faɗe shi a hankali kamar ba kome ba. Shafi na biyu ya ce har yanzu ba ƙasar da ta amsa. Shafi na uku ya ce an jawo taron gaba, lalle takardu su kasance a London kafin tsakiyar Fabrairu, kuma ƙasar da tata ba ta iso ba, wakilin London zai yi magana a madadinta gwargwadon abin da ya sani.

Ya tsaya ya ƙirga da yatsu. Kwana goma sha bakwai jirgin ruwa ke yi. Takarda mai hatimi ba ta hawa jirgin sama, dokar ofis ta hana. Jirgin ruwan da zai tashi ran Jumma'ar nan da ƙarfe huɗu shi ne na ƙarshe. Fayil kuwa, da jeri da taswira, yana Pretoria a bayan ƙofar ƙarfe, mabuɗi yana aljihunsa.

"Me ya faru?" in ji Duthie. "Fuskarka ta koma kamar ta ranar da muka kama ku."

"Ba ku kama ni ba." Ya gaya masa yadda ake ciki a taƙaice.

"To ba ni mabuɗin mana. In kai wa mai gadin ofishinku, ya ɗauko fayil ɗin, a sako shi jirgin gobe."

"Na yi rantsuwa a kan mabuɗin nan, Archie. Ko da ban yi ba, fayil dubu huɗu ne a ɗakin, ni kaɗai na san yadda na kwantar da su. Mai gadi zai kai bikin Ista yana nema."

Duthie ya duba agogo. "Saura minti goma sha huɗu. Akwai wuri a kan buhuna, in ba ka ƙyamar kwana da maƙiyi."

Kerneels ya tsallaka dandamali da sauri irin wanda gwiwoyinsa suka manta. Rana ta riga ta yi zafi, yara suna guje-guje wajen famfo. Ya shiga ɗakinsu ya tarar Magriet tana yi wa Lettie fifita da jarida. Ya zauna ya gaya musu kome, har da abin da shafi na uku ya ce.

"To me kake jira?" in ji Lettie. "Tafi ka tashe shi."

"Ban taɓa rabuwa da adakoki a hanya ba. Shekara ashirin da biyar."

"Adakoki ba su da ƙafa."

"Ban nemi izinin kowa ba. Mista Kritzinger yana Cape Town."

"In ka je neman izini, jirgin ruwa zai jira ka?"

"Ke fa? Wa zai riƙe miki hannu a matakala? Wa zai nuna miki inda suka ajiye gado a masauki?"

"Kawu Kerneels," in ji Magriet, "hannu biyu gare ni, kuma na iya ƙirga har ɗari da arba'in. Ka ba ni takardar adakokin."

Ya ciro takardar daga aljihun ƙirji, ya dube ta, ya miƙa mata. Ya haɗa mata da wasiƙar London da sauran abin da ke jaka. "Ki ba Mista Kritzinger hannu da hannu. Ki ce na ce ya karanta har ƙarshe."

"Zan faɗa, amma ka san shi. Idan ya kai shafi na biyu, ranar an yi sa'a."

Lettie ta lalubo gwangwanin burodi ta tura masa a ƙirji. "Ɗauki. Wancan jan mutumin ba ya ciyar da kowa. In ka samu sarari ka biya gida ka ba itacen ɓaurena ruwa. Kuma ka sa hula, tsoho, ina jin zafin ranar nan daga nan."

An kaɗa ƙararrawa ta farko. Ya sunkuya ya sumbaci goshinta, ya fita. Daga ƙofar taragon wasiƙu ya tsaya yana kallon jirginsu yana jan jiki kudu, tarago bayan tarago, har na adakoki ya wuce ta gabansa ba shi a ciki. Duthie ya ɗora buta a kan murhu, ya rubuta shi a littafi a matsayin mai rakiyar jaka.

Tafiyar nan ta arewa ta yi masa daɗi fiye da yadda ya zata. Ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya taya Duthie rarraba wasiƙun ƙananan tashoshi, ya kuwa gano cewa hannun da ya saba da fayil ba ya wahala da ambulan. Suka cinye rabin ɓauren da burodin Lettie. Suka sake yaƙin gindin dutse daga farko, wannan karon da cokula da gwangwanin gishiri a kan tebur, kuma kamar kullum ba a samu wanda ya yarda ba.

Ya sauka Pretoria ran Laraba da hantsi. Ofis wayam, takalminsa kaɗai ke amsa kuwwa a baranda. Mai gadi ya taso daga inuwa ya buɗe baki.

"Baba Badenhorst! Ba ku tafi ba?"

"Mun tafi. Mantuwa na yi."

"Kai? Mantuwa?"

"Kar ka gaya wa kowa."

Ƙofar ƙarfe ta buɗe da ƙararta da ya sani. Bai ko kunna fitila ba. Kanta ta uku daga hagu, layi na biyu daga sama, ya sa hannu ya zaro shi. Ya fito da shi wajen haske ya buɗe: jeri yana nan, taswira a naɗe yadda injiniyoyi suka naɗe ta, takardar wakilci tana jiran suna da hatimi. Ya kakkaɓe 'yar ƙurar kwana biyar da ta hau bangon, ya kulle ƙofa.

Jirgin kudu sai ƙarfe biyar. Ya hau taragon cikin gari ya je gida, ya ɗebi ruwa bokiti uku ya ba ɓaure, ya zauna a matakalar bayan gida ya ci sauran burodi. Maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan shinge, ta gan shi shi kaɗai ranar aiki, ta tambaya cikin tausayi ko wani abu ya faru a ofis. Ya ce mata ɓaure ya zo dubawa. Ta dube shi ta koma ciki da sauri, ya san kafin magariba unguwa duka ta ji Badenhorst ya fara ruɗewa.

Kwana biyu ya sake yi a jirgi, fayil yana cikin rigarsa a zaune, yana ƙarƙashin matashinsa a kwance. A cikin duwatsu jirgi ya tsaya awa guda ana jiran wani ya wuce, Kerneels ya ciro agogo ya mayar har sau shida. Sha biyu saura kwata ran Jumma'a ya sauka Cape Town, iskar kudu maso gabas tana neman ƙwace masa hula. Bai biya masauki ba. Da gemun kwana uku ya shiga ofishinsu na wucin gadi da ke kallon majalisa.

Adakoki suna jere a baranda, an buɗe wasu. Magriet ta ɗago kai daga tafireta. "Gwaggo Lettie lafiya lau, ta riga ta yi faɗa da mai masauki kan gishiri. Shi kuwa," ta nuna ƙofa da haɓa, "shafi biyu."

Mista Kritzinger dogo ne siriri, mai tabarau a kan hanci. Bai ce Kerneels ya zauna ba.

"Mista Badenhorst. Adaka ɗari da arba'in na takardun gwamnati ka bar wa mai buga tafireta a tsakiyar daji."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Nawa suka iso?"

"Ɗari da arba'in. Ba wannan ce maganar ba."

"Mun gode wa Allah."

"Na karanta wasiƙar da ta sa ka wannan gudu. Ba wanda ya amsa. Kanada ba ta amsa ba, Ostareliya ba ta amsa ba. Ka ga ke nan ba mu makara ba. Kana so in zama na farko, su ce da London ta yi tari Pretoria ta miƙe tsaye?"

Kerneels ya ajiye fayil a kan tebur a hankali. Wasiƙar tana nan gefe ƙarƙashin dutsen danne takarda. Ya zaro ta, ya juya shafi biyu, ya mayar da ita gaban maigidansa, ya ɗora yatsa a kan sakin layi na ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, gaisuwarsu doguwa ce. Ga abin da ya kawo su."

Mista Kritzinger ya gyara tabarau ya karanta. Ya sake karantawa. Kunnuwansa suka yi ja tun daga ƙasa har sama.

"A madadinmu?" ya ce. "Mutumin London ya zauna a kujerarmu ya yi magana da bakinmu? Gwargwadon abin da ya sani? Me ya sani? Ya taɓa jin rediyo a Pretoria?"

"Ba na tsammani, ranka ya daɗe."

"Ƙarfe nawa ake rufe jaka?"

"Uku da rabi, a bakin jirgi."

"Malama Naudé!"

Abin da ya yi wata huɗu yana barci, cikin awa uku aka gama shi. Magriet ta buga wasiƙar rakiya, aka cike sunan jami'in ƙasar da ke zaune a London a matsayin wakili. Mista Kritzinger ya ɗauki hularsa ya tsallaka titi da kansa, ya aika da 'yar takarda cikin zauren majalisa har sau biyu kafin minista ya fito ya sa hannu a tsaye a baranda. Mai riƙe da hatimi ya tafi cin abinci, sai da aka bi shi aka taso shi daga kan farantin kifi. Kerneels ya tsaya a kansa har jan kakin hatimin ya sandare, ya naɗe kome, ya sa a jaka, ya ɗaure bakinta.

Zai fita sai Mista Kritzinger ya kira shi.

"Mista Badenhorst. Wannan rabon naka na masu barci da masu ido biyu."

"Ranka ya daɗe."

"Daga bana, duk fayil ɗin da ke jiran Kanada ya riƙa biyo mu."

"Zai ƙara adaka goma sha ɗaya."

"Har sun kai haka?" Ya cire tabarau ya goge. "To, ya ƙara. Kuma ka je ka yi aski, kamar ɗan fashi."

Kerneels ya ji maganar ta ɗan sosa shi, domin ƙa'idarsa ce aka taɓa, kuma ya san da gaskiyar mai taɓawar. Ya ce to, ya fita.

Magriet ta riga ta tsayar da motar haya, Lettie tana ciki da hular zuwa coci. Suka isa tashar jiragen ruwa uku da kwata. Jami'in jaka ya karɓa, ya duba hatimi, ya ba shi takardar shaida. Kerneels bai motsa ba sai da ya ga jakar ta hau tsani a kafaɗar wani ma'aikaci ta shige cikin jirgi.

Kamar kowace Jumma'a, rabin gari ya fito rakiya. Masu tafiya suna jefo zaren takarda masu launi daga sama, na ƙasa suna cafewa, 'yan badujala suna busa. Da ƙarfe huɗu daidai jirgi ya yi kukansa mai kauri, har Lettie ta ƙanƙame hannun mijinta.

"Ya shiga?"

"Ya shiga."

"Da idonka ka gani?"

"Da idona."

"Ɓaurena fa?"

"Bokiti uku."

"Biyu sun isa. Za ka ruɓar mini da saiwa." Ta shinshina kafaɗarsa. "Warin buhun wasiƙa kake yi, tsoho. Mu je gida."

Kwana tara bayan isar takardar, wayar tangaraho ta zo daga London cewa Kanada ta amsa, sauran kuma suka biyo baya cikin mako guda. Mista Kritzinger ya sa aka liƙa wayar a fayil, bai ce kome a kanta ba. Aka yi taro, aka ƙulla yarjejeniya, aka matsar da tashar 'yan kasuwa can nesa a kan zango, amma aka ba ta wa'adi har farkon Nuwamba.

Lahadin farko ta Nuwamba suna falonsu a Pretoria, tagogi a buɗe, an yi ruwa da rana ƙasa tana ƙamshi. Ƙarfe bakwai mawaƙa suka fara. Suka gama baitin farko, suka shiga na biyu. Kerneels ya lura yatsun Lettie sun ƙanƙame hannun kujera, tana jira. Baiti na biyu ya wuce, na uku ya wuce, waƙa ta kai ƙarshenta, ba fito, ba ganga. Yatsunta suka saki.

 Sa'an nan ta karkato kai wajensa.

"Tsoho, kana jin matar nan mai siririyar murya, ta gefen hagu?"

"Ina ji."

"Ashe ba ta iya waƙa ba. Duk tsawon lokacin nan mai sabulu ne ke rufa mata asiri."

Kerneels ya yi dariya har sai da ya share ido. Ya buɗe baki zai ba ta amsa, ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, domin an fara waƙa ta biyu, kuma wannan tana cikin waɗanda ta fi so.